'Yar ƙwallo ko 'yar faranti: wace tirelar kwana zaka iya ja a Amurka hankalinka kwance?

Wannan tambayar tana yawan zuwa min daga 'yan'uwanmu da suke zaune nan Amurka, musamman masu iyali da suka gaji da biyan kuɗin otal duk sanda yara suka samu hutu, ga wahalar abinci a hanya, ga neman inda za'a yi alwala a yi sallah a natse. Sai mutum ya fara tunanin sayen tirelar kwana, gidan nan da ake ja da mota, da gado da kicin da banɗaki duk a ciki. Toh da zarar yaje wajen dillalai sai ya tarar manyan iri biyu ne, kuma kowane dillali wadda yafi samun riba a kanta ita zai yaba masa, shi kuma abinda yake cin ransa ɗaya ne, bidiyoyin nan da yake gani tirela ta fara lilo a kan babban titi, hagu dama hagu dama, har ta kifar da motar dake janta da mutane a ciki.

Ta farko ita ce wadda suke cewa tirabul tirela, ana maƙala ta a wata ƙwallon ƙarfe dake bayan mota ƙasan bamba, ni 'yar ƙwallo nake ce mata. Ta biyu ita ce fif wil, wadda goshinta yake hawa kan bodin akori-kura ya zauna a kan wani faranti na ƙarfe, da ƙusa mai kauri inci 2 da take shiga bakin farantin ya kulle ta. Duk wanda ya taɓa ganin tantebur a gida, wato kan tirela yana tafiya ba bodi, ya ga baƙin farantin nan mai maiƙo a bayansa, toh shi ne dai aka ƙanƙanta aka sa a akori-kura. Ita zan kira 'yar faranti. Nauyi kuma da laba zan riƙa faɗa tunda da ita ake rubutawa a nan, laba ɗaya bata kai rabin kilo ba, laba 1,000 kilo 450 ne da ɗan ɗoriya.

Abubuwan da ya kamata ka auna su da shi

Na farko lilo, wacce tafi saurin kaɗa wutsiya in iska ta buge ta ko babbar mota ta wuce ku. Na biyu nauyin da take ɗora wa motarka, kuma a nan mutane suka fi yaudarar kansu, don lambar da ake talla da ita ta abinda mota zata iya JA ce, amma wadda take ƙarewa da wuri ita ce ta abinda mota zata iya ƊAUKA. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda mai ratsin ɗorawa da aka liƙa, an rubuta jimillar mutane da kaya kada ta wuce laba kaza. Wannan lambar ta motarka ce ita kaɗai, ba ta talla ba, kuma nauyin da tirela take dannawa a kan mota a ciki yake. Na uku kuɗi, ba na tirelar kawai ba, har na maƙalin da na motar da zata ja. Sai sauƙin sarrafawa, sai ƙarko, sai kuma irin haɗarin da kowacce ta keɓanta da shi, don kowacce tana da nata.

'Yar ƙwallo

Bari in fara da dalilin lilon, don in ka gane shi ka gane rabin maganar. Ƙwallon nan tana zaune ne ƙafa 4 ko sama da haka a bayan aksil ɗin baya na mota. Duk sanda iska ta tura tirela gefe, ita kuma sai ta ture ƙwallon, ƙwallon ta ture gindin mota, kuma saboda tazarar nan abin ya zama kamar mutum ya kama ƙarshen doguwar sanda yana murɗa ka, gindin mota yayi dama hancinta yayi hagu. Direba yana jin haka sai ya gyara sitiyari, gyaran nasa ya zo a makare ya ƙara wa lilon ƙarfi, zagaye na biyu yafi na farko, na uku yafi na biyu. Gudu yana ƙara abin, kowace tirela tana da gudun da in aka wuce shi lilon baya mutuwa da kansa sai dai ya ƙaru.

Maganin farko ba saye ake ba, lodi ne. Ana so nauyin da bakin tirela yake dannawa a kan ƙwallo ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta, ni nafi son in ga 12 ko 13. In yayi ƙasa da 10 ka gayyato lilo da hannunka. Na ga wannan a jikina a kan titin I-40 wajen Amarillo, yankin nan na Texas da babu bishiya babu tudu sai iska. Na ɗaure janareta da kekunan yara biyu a bamban bayan tirela, buhun shinkafa da jarkokin ruwa kuma suna ƙarƙashin gadon baya. Wata babbar tirela tazo wuce mu, da farko naji an tura mu dama, tana kaiwa tsakiya sai naji kamar ana zuƙo mu wajenta, na kalli madubi naga gefen tirelata gaba ɗaya har rubutun jikinta, sai ya ɓace, sai ya bayyana a ɗaya madubin. Maiɗakina ba abinda take faɗa sai Innalillahi. Na ɗaga ƙafa daga totur na riƙe sitiyari, na matse ɗan makunnin birkin tirela dake cikin mota da yatsu biyu, naji ta ja mu baya ta miƙe. Da muka tsaya hannuna rawa yake. Washegari na hau sikeli, bakin tirelar bai kai kashi 9 ba. Na kwashe janareta zuwa bodin mota, shinkafa da ruwa suka dawo gaban tayoyi, tirelar da motar basu canza ba amma tafiyar ta zama wata daban.

Magani na biyu shi ne maƙali mai raba nauyi. In ka ɗora laba 900 a kan ƙwallo gindin mota zai zauna hancinta ya ɗaga, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, kaga sitiyari da birki duk sun yi rauni. Maƙalin nan yana da sanduna biyu na ƙarfe da ake ɗaurewa da ƙarfi a jikin ƙirjin tirela, su suke maida wani ɓangare na nauyin kan tayoyin gaba da kan tayoyin tirela. Yawancin na yanzu an haɗa musu maganin lilo a jiki. Equal-i-zer gogayyar ƙarfe da ƙarfe yake amfani da ita, shi yasa zaka ji yana ƙara ƙiii in ana shan kwana a hankali, ba lalacewa yayi ba aikinsa kenan. Akwai Blue Ox SwayPro, akwai Reese Strait-Line, akwai na Andersen mai sarƙa wanda bashi da nauyi sosai. Waɗannan zaka same su daga wajen dala 600 zuwa 1,000 da ɗan wani abu. Akwai kuma 'yar sandar gogayya guda ɗaya da ake sawa a gefe, bata kai dala 100 ba, tana taimakawa a ƙaramar tirela amma sai ka cire ta kafin kayi ribas mai kwana, kuma gaskiya a tirela mai ƙafa 30 bazan dogara da ita ba.

Na sama dasu su ne Hensley Arrow da ProPride 3P. Su ba danne lilo suke ba, an ƙera gaɓoɓinsu ne yadda wajen juyawar tirela zai zama kamar yana can gaba kusa da aksil ɗin mota, wato suna kwaikwayon 'yar faranti. Suna aiki sosai, amma kuɗinsu ya haura dala 3,000, nauyinsu ya kusa laba 200 wanda shi ma daga lambar ƙofarka zai fita, kuma maƙalawa sai ka saba don dole ka shigo da mota a saiti.

Sayen maƙalin ba shi ne ƙarshe ba, saitin shi ne aikin. Ka auna da tef daga ƙasa zuwa bakin bodin mota dake saman tayar gaba kafin ka maƙala, ka sake aunawa bayan ka maƙala ba sanduna, sannan da sanduna. Kundin motarka zai faɗa maka nawa ake so ka dawo da shi, wasu rabin abinda ya ɗaga, wasu duka. Sannan kaje sikelin CAT, suna nan a manyan gidajen man direbobin tirela, hawa ɗaya bai kai dala 20 ba, ka hau sau uku, mota ita kaɗai, mota da tirela sanduna a sake, sannan sanduna a ɗaure. Dan Allah kada ka yarda da saitin da aka yi maka ranar saye, tirelar a ranar ba komai a cikinta.

Yanzu lissafin nauyi. Ɗauki akori-kura ta rabin tan irin F-150 ko Ram 1500 ko Silverado 1500 ko Tundra, a ce takardar ƙofarta ta ce laba 1,600. Tirelarka da kaya ta kai 7,000, kashi 13 ɗinta 910 kenan. Maƙali 100. Kai da uwargida da yara uku a ce 600. Ka haɗa, 1,610. Ka riga ka cika ka ɗan wuce, ko kula ɗaya baka sa a bodi ba, alhali talla ta ce motar zata iya jan laba 10,000 ko fiye. Wannan shi ne abinda dillali bazai zauna yayi maka ba. Kuma ruwa ma kaya ne, galan ɗaya laba 8.3, tankin galan 45 ya kusa laba 375, ka binciki inda tankin yake, gaban tayoyi ne ko bayansu.

Wajen kuɗi 'yar ƙwallo tafi sauƙi nesa ba kusa ba. Sabuwa ƙarama ana samu ƙasa da dala 20,000, masu girman iyali yawanci 25,000 zuwa 50,000, banda irin su Airstream da suke wani farashin daban. Babbar ribarta ita ce sau da yawa motar da kake da ita zata iya, har da manyan jif irin Suburban ko Expedition, kuma in akori-kura ce bodinka yana nan ka zuba kaya. Maƙalawa tana da ɗan aiki, ɗaga jak, ɗaure sanduna, gitta sarƙoƙin tsaro biyu a ƙarƙashin bakin tirela, jona wayar wuta mai baki 7, maƙala siririyar wayar da take kama birki in tirela ta ɓalle. A kwana tana bin sawun mota kusa kusa, a ribas kuma tana saurin amsawa, ɗan murɗi kaɗan ta juya.

'Yar faranti

A nan ƙusar tana zaune ne daidai saman aksil ɗin baya ko ɗan gabansa kaɗan. Doguwar sandar nan da nace babu ita. In iska ta ture tirela, turin yana sauka kai tsaye kan tayoyin baya, bashi da hannun da zai murɗa mota da shi. Ƙari kuma kashi 15 zuwa 25 na nauyinta yana kan motar, yawanci wajen 20. Wannan shi yasa babbar mota zata wuce ka kaji ɗan turi kawai shikenan. A maganar lilo zalla babu gardama, 'yar faranti ta fi, kuma ba sai ka sayi sanduna ko ka zauna saiti ba, haka aka gina ta. Wanda ya yini yana tuƙa 'yar ƙwallo cikin iska yasan ciwon kafaɗar da ake kwana da shi, da 'yar faranti wannan gajiyar tana raguwa sosai.

Amma abinda ya hana ta lilo shi ne yake cinye motarka. Tirela mai laba 12,000 da kaya, kashi 20 ɗinta 2,400. Farantin kansa laba 150 zuwa 250. Iyali 600. Kaga mun haura 3,100. Rabin tan ta fita daga maganar, ko da an rubuta a jikin tirelar cewa rabin tan zata iya ja, kaje ka duba takardar ƙofarka tukuna. Ana maganar F-250 ko Ram 2500 ko Silverado 2500HD ne zuwa sama, kuma ko a cikinsu akwai masu injin dizal da lambarsu bata kai 2,500 ba saboda nauyin injin ya cinye. Shi yasa masu manyan 'yan faranti suke tafiya kai tsaye kan F-350 ko Ram 3500, wasu ma mai tayoyi huɗu a baya. Mutumin da ya gudu daga lilo ya ɗora laba 3,000 a kan motar da aka yi wa 1,800 bai tsira ba, tayoyin bayansa da birkinsa suna aikin da ba nasu ba, taya ta fashe masa a gudun mil 65 a awa ga gida a kansa.

Kuɗi kuwa sai an shirya. Sabuwar 'yar faranti da wuya ka samu ƙasa da dala 40,000, manya suna wuce 100,000. Faranti irin B&W Companion ko na Curt ko Reese daga wajen dala 600 zuwa 1,500, banda kuɗin ɗaurawa in motarka bata zo da ramukansa daga kamfani ba. In kuma sai ka canza mota, sabuwar babbar akori-kura daga wajen 50,000 take farawa ta hau. Mai ya ƙaru, inshora ta ƙaru, wajen ajiya ma ya ƙaru don unguwanni da yawa basa yarda ka ajiye ta a ƙofar gida.

Tsawon bodi magana ce babba. Mai ƙafa 8 ba matsala. Mai ƙafa 6 da rabi, balle 5 da rabi, in ka sha kwana mai tsanani a ribas goshin tirela zai iya dukan gilashin bayan mota ya tarwatsa shi, yara suna zaune a wajen. Maganinsa faranti mai zamewa baya, akwai na hannu da sai ka sauka ka ja, akwai mai zamewa da kansa irin PullRite SuperGlide wanda yafi tsada kuma yafi nauyi. Sannan a bar tazarar inci 6 ko kusa da haka tsakanin bangon bodi da ƙasan goshin tirela, saboda shiga gidan mai ko hanya mai gangara.

Maƙalawa tafi sauƙi, kana ganin ƙusar ta gilashin baya, ka dawo a hankali kaji ƙwas ta kulle. Amma a nan haɗarinta na musamman yake. In ƙusar ta hau saman bakin faranti bata shiga ciki ba, ko hannun bai kulle ba, kana jan mota tirela zata zame ta faɗo kan bodi ta murƙushe shi. Na ga wannan a wani sansani, bangon bodin mutumin ya lotse kamar gwangwanin madara, yana tsaye ya rasa abin cewa. Don haka kullum ka haska tocila ka ga haƙoran sun rungume ƙusar, ka sa makullin hannun, ka ɗaga ƙafafun tirela inci ɗaya kawai daga ƙasa, ka matse birkin tirela ka ɗan ja mota. In ta riƙe sannan ka ɗage ƙafafun gaba ɗaya.

Sai tsayi. Manyansu suna kai ƙafa 13 har da inci 6, wanda shi ne iyakar doka a jihohi da dama, 'yar ƙwallo kuwa yawanci 10 zuwa 11 da wani abu. Tsofaffin gadoji a gabashin ƙasar, rumfar gidan mai, rassan bishiya, duk sai ka riƙa kallon sama. Ka auna taka da kanka tana maƙale da mota har saman na'urar sanyaya ɗaki, ka rubuta ka liƙa kusa da sitiyari. Kuma tsayin nan yana nufin duk da bata lilo, iska mai ƙarfi daga gefe zata iya kwantar da ita. A Wyoming akan rufe I-80 da I-25 ga motoci masu tsayi marasa nauyi in iska ta tashi, wannan rufewar ta shafi duka biyun. A kwana tana yanke ciki fiye da 'yar ƙwallo, dole ka buɗe sosai kamar direban tirela, a ribas kuma tana jinkirin amsawa sannan ta juya da yawa lokaci ɗaya. Akwai kuma fizgar gaba da baya da ake ji a titin kankare mai gaɓa gaɓa, tana damun wasu sosai. Abu ɗaya mai daɗi, tunda goshinta yana kan bodi, tirela mai ƙafa 35 tsawonku gaba ɗaya zai fi na 'yar ƙwallo mai ƙafa 35 gajarta.

Ka duba lasin ma. A Texas in jimillar nauyin da aka rubuta wa mota da tirela ta kai laba 26,001 kuma tirelar ta wuce 10,000, sai ka yi lasin ajin A wanda ba na kasuwanci ba. A Kalifoniya 'yar ƙwallo da ta wuce 10,000 ko 'yar faranti da ta wuce 15,000 ita ma haka.

Ƙarko ban ga wani babban bambanci ba. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su, shasi da aksil sau da yawa daga kamfanoni ɗaya suke, irin su Lippert da Dexter. Abinda yake kashe duka biyun yoyon rufi ne da rashin kula. A 'yar ƙwallo ka riƙa duba notin ƙwallo da wajen da sanduna suke goga, a 'yar faranti maiƙon faranti da waldar akwatin ƙusa da duk wata tsaga a goshi. Bodis ɗin tayoyi a sa musu giris duk shekara ko duk mil 12,000.

Abinda ya haɗa su

Ko wacce ka saya, birkin tirela sai da na'urar sarrafa shi a cikin mota, sababbin akori-kura da yawa suna zuwa da ita, in babu akwai irin Tekonsha Prodigy P3. Ka gwada ta a fili a gudun mil 20 zuwa 25, ka matse makunnin hannu, ka ƙara ƙarfi har tayoyin tirela su kusa kullewa sai ka ɗan rage. Ka saba da inda makunnin yake yadda hannunka zai je ba tare da ka kalla ba. In lilo ya fara kada ka taka birkin mota da ƙarfi, kada ka bi shi da sitiyari, kada ka saurari masu cewa a ƙara wuta. Ɗaga ƙafa, riƙe sitiyari a miƙe, matse birkin tirela, in ta lafa ka sauka gefe ka duba lodi. Na'urar hana lilo ta kwamfutar mota tana shigowa ne bayan abin ya riga ya fara.

Tayoyin tirela masu alamar ST da yawa mil 65 a awa ne iyakarsu sai in an rubuta fiye a jiki. Ka auna iska da safe kafin a tashi, ka duba lambobi huɗun ƙarshe na rubutun jikin taya da ya fara da haruffan DOT, sati da shekarar da aka yi ta ne, in ta kai shekara biyar ka canza ko zanenta yana nan. A Kalifoniya mai jan tirela mil 55 doka ta ba shi. Ni ko a inda aka yarda da 75 bana wuce 62 zuwa 65, kuma bana barin kowa ya zauna cikin tirela ana tafiya.

| Abin dubawa | 'Yar ƙwallo | 'Yar faranti |
|---|---|---|
| Inda take maƙale | bayan bamba | saman aksil ɗin baya |
| Nauyinta a kan mota | kashi 10 zuwa 15 | kashi 15 zuwa 25 |
| Lilo | akwai, sai da lodi mai kyau da maƙali | kaɗan ƙwarai |
| Motar da zata ja | jif babba ko akori-kura | akori-kura kawai, yawanci babba |
| Kuɗin maƙali | dala 600 zuwa sama da 3,000 | dala 600 zuwa sama da 2,000 |
| Kuɗin sabuwa | ƙasa da 20,000 zuwa 50,000 | 40,000 zuwa sama da 100,000 |
| Bodin mota | yana nan | faranti ya cinye |
| Tsayi | ƙafa 10 zuwa 11 da ɗoriya | har ƙafa 13 da rabi |
| Haɗarinta | lilo da kifewa | obalodi, faɗowa kan bodi, gada |

Wa ya dace da wacce

In kana da rabin tan kuma baka da niyyar canza ta, 'yar ƙwallo ce taka, ka tsaya a wadda da kayanta bazata wuce laba 6,000 zuwa 6,500 ba, tsawo kuma ƙasa da ƙafa 28 in da hali, ka sa maƙali mai sanduna ka hau sikeli kafin tafiyar farko. In iyalinka sun wuce mutum shida, wanda a cikinmu ba abin mamaki bane, maganar 'yar faranti ma bata taso ba sai dai ku tafi da mota biyu, don akori-kura mai ƙofa huɗu mutum biyar ko shida take ɗauka. Jif mai layi uku da 'yar ƙwallo mara nauyi, kuma ka tuna kowane yaro da jakarsa daga lambar ƙofar nan suke fita, jif ɗin ma lambar tata ba yawa gare ta ba.

In tirelar da ranka yake so ta kai ƙafa 32 zuwa sama kuma dole 'yar ƙwallo ce, toh ko dai ka hau motar kwata uku na tan irin F-250 ko Ram 2500, ko ka daure ka sayi Hensley ko ProPride, nafi son ma duka biyun. Doguwar 'yar ƙwallo a bayan ƙaramar mota ita ce haɗin da nafi jin tsoro a kan titi.

In kuma tafiyarku doguwa ce, wata guda ko biyu a hanya, ko aikinka na yawo ne daga jiha zuwa jiha kana kwana a ciki, ko hanyarka kullum ta filayen iska ce irin yammacin Texas da Oklahoma da Wyoming, kuma aljihu zai ɗauki babbar mota, 'yar faranti zata hutar da kai. Ka fara zaɓar tirelar, ka ɗauki cikakken nauyin da aka rubuta mata da kaya, ba nauyinta in babu kaya ba, ka lissafa kashi 22 ɗinsa, ka ƙara faranti da iyali, sannan ka zaga wajen masu sayar da mota kana buɗe ƙofar direba ɗaya bayan ɗaya har ka samu takardar da ta fi lissafinka da laba 300 ko 400. Wanda ya taɓa tuƙa babbar tirela zai saba da ita cikin kwana biyu. Wanda bai taɓa jan komai ba, ya karɓi hayar ƙaramar 'yar ƙwallo na ƙarshen sati ɗaya tukuna, ya kai ta babban filin ajiye motoci da sassafe da robobin ruwa a matsayin alama, yayi ta ribas da gwada birki kafin ya ɗauki iyali.